Tun da aka sabunta teburan kulob ɗinmu wasana ya lalace: laifin tebur ne ko nawa?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina buga pul a kulob guda, har na kai ana shakkar haɗuwa da ni. Kwanan baya aka rufe wurin wata guda aka yi masa gyara: sabon ƙyalle, sababbin ƙwallaye, sababbin fitilu, har daɓen ƙasa an canja. Wurin ya yi kyau, ba magana. Amma tun da aka buɗe sai ka ce ban taɓa riƙe sanda ba. Farar ƙwallo ba ta tsayawa inda nake so, ƙwallon da na saba jefawa ko ido rufe yanzu sai ta daki bakin rami ta fito, in na buga ta bango kuma sai ta wuce inda na nufa. Wasu abokaina na cewa masu gyaran ne suka ɓata teburan, wasu na cewa ni ne na yi sanyi saboda hutun. Don Allah wanne ne gaskiya, kuma yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, so kake ka san ko matsalar daga teburin take ko daga hannunka, sannan in an gano inda take, me za a yi mata. Na fi shekara ashirin ina wannan wasa, na koyar da matasa da dama, kuma sau da yawa na tsaya a kan masu ɗaura ƙyalle suna aiki, wani lokaci har in kama musu. Kukan nan naka na ji shi daga bakin kusan duk wanda ya daɗe a tebur guda aka wayi gari aka sabunta masa shi. Ni ma na yi shi.

Abin da na fi zato shi ne teburin lafiyarsa ƙalau, hannunka ma haka. A shekara huɗun nan, tare da wasan, ka haddace wancan teburin da kansa: nauyin ƙyallensa, kasalar robar bangonsa (wato gefen teburin da ƙwallo ke daka ta dawo), dauɗar ƙwallayensa. Hannunka ya riƙa ƙara ƙarfi a nan, yana gyara saiti a can, bai taɓa yin shawara da kai ba. Yanzu an ɗauke abubuwan da yake cike wa gurbi, shi kuwa bai daina cikewar ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma masu gyara su ma suna kuskure. Don haka dole mu raba abin da sabunta ce kawai ta kawo, wanda zai wuce da kansa, da abin da aka canja da gangan wanda zai zauna, da kuma aibi na gaske wanda sai an dawo da mai gyara.

Ƙyallen shi ne babba

In ka je gobe, kafin ka ɗauki sanda, shafa ƙyallen da tafin hannunka. Akwai mai gashi-gashi, wanda in ka shafa ta wannan gefe ya kwanta, in ka shafo ta wancan ya tashi. Irinsa ake sa wa teburin sinuka da ƙananan teburan pul irin na Ingila. Akwai kuma wanda aka taje zaren ulunsa aka murɗe shi tamau kafin a saƙa, babu gashi a jikinsa, har kana ganin saƙar da idonka. A kan wannan na biyun ake manyan gasannin pul, kuma wanda ya fi suna a cikinsa shi ne na kamfanin Iwan Simonis na ƙasar Beljiyam, da ke saƙa tun 1680. Samfurinsu mai lamba 860 kashi 90 cikin ɗari ulu ne, 10 nailan. Kulob da yawa in sun tashi gyara sukan bar mai kauri su koma irin wannan. In haka aka yi a wurinku, to gudun da kake gani ba duka ne zai tafi ba, wani sashensa ya zo zama ke nan.

Amma ko irin na da aka mayar, sabo daban yake da tsoho, kuma ga dalili. Idan ka daki farar ƙwallo a tsakiyarta, zamewa take fara yi a kan ƙyallen, kamar wanda ya taka santsi, ƙyallen yana kama ƙasanta kaɗan-kaɗan har ya juya ta ta fara mirginawa. Masana lissafi sun daɗe da bin diddigin wannan, tun Bafaranshen nan Coriolis da ya yi nazarin wasan a 1835: kafin ta gama zamewa ta koma mirginawa, kashi biyu cikin bakwai na gudunta ya tafi, ko a kan wane ƙyalle ne. Abin da ƙyalle ke canjawa shi ne tsawon wurin da za ta zame kafin hakan ta faru. Tsohon ƙyalle ya sha alli da gumi da maiƙon hannu, yana cafke ƙwallo da wuri. Ranar da na fara ganin an yaye wani tsohon ƙyalle, ƙurar allin da ta ratsa shi ta kwanta a kan allon dutsen da ke ƙarƙashinsa sai da aka share ta da buroshi aka kwashe, shuɗiya, lallausa kamar toka. A kan wannan ƙurar muka yi shekaru muna wasa ba mu sani ba. Sabon ƙyalle ba shi da ita, sulɓi ne da shi, ƙwallo tana zamewa mai nisa kafin ya kama ta.

Duba yadda wannan ke ɓata maka lissafi. Ka ce ƙwallon da za ka jefa tana miƙe da rami, tsakaninta da fara kamar ƙafa huɗu, kana son farar ta tsaya cik in ta dake ta. A tsohon teburin ka saba dukanta can ƙasa, don juyin baya da ka ba ta ya ƙare daidai lokacin da ta iso. A sabon, juyin bai ƙare ba ta isa, sai ka ga ta dawo maka baya taki guda ko fiye. Akwai wani yaro da nake koya wa, mai tsabtar bugu ƙwarai, da ya shafe yamma guda yana wannan bugun a sabon ƙyalle, farar tana ta dawo masa, har ya fara duba kan sandarsa yana zaton fatar ce ta lalace. Na ce ya ɗaga kan sandar sama da kamar rabin faɗin fatar, kada ya canja komai ban da wannan. Bugu na biyu farar ta tsaya kamar an dasa ta.

Akwai na biyu, kuma shi ya fi cin mutane, don ba a lura da shi. Idan fara ta daki ƙwallo a karkace, ba ta bin juyin da ka ba ta nan take. Tana fara ficewa ta gefe, a kan layin da ya gicciye hanyar da ƙwallon da aka daka ta bi, sai daga baya juyin gaba ko na baya ya lanƙwasa ta. A ƙyalle mai kamu, lanƙwasawar tana zuwa da wuri. A mai sulɓi kuwa farar tana daɗewa a kan layin gefen nan kafin ta juya, musamman in ka yi bugun da ƙarfi. Shi ya sa kake ganin ta buɗe fiye da yadda ka zana a ranka, ta je ta taɓa ƙwallon da ka tabbata za ta kauce mata, ko ta faɗa ramin tsakiya a bugun da ka yi sau ɗari ba ta faɗa ba. Ƙara a kan haka, ƙyallen da aka ja tamau ba ya riƙe ƙwallo mai mirginawa, don haka ƙarfin da ke kai ta tsakiyar tebur a da yanzu zai kai ta ƙarshensa.

Bango da murɗi

Ka ce in ka buga ta bango tana wuce inda ka nufa. Wannan ma halin sabon ƙyalle ne, don ƙyallen da ke lulluɓe da robar bangon shi ma sabo ne, shi ma sulɓi gare shi. Ƙwallo ta daki bango a karkace, maimakon ya cafke ta ya tsuke mata kusurwa, sai ta zame a jikinsa ta fita a buɗe, ta sauka gaba da inda ka saba. Tsohon ƙyalle mai dauɗa, ko ranar da iska ke da laima, akasin haka suke yi, suna gajarta ta. Duk ƙidayar da ka haddace ta ɗigogin nan da ke jere a kan katakon gefe, a kan tsohon teburin ka gwada ta, sai ka sake gwada ta a nan.

Murɗi, wato dukan fara a dama ko a hagu, shi ne abin da sabon tebur ya fi hukunta mai shi a kai, kuma ta hanya biyu. Ta farko, bangon ba ya karɓar murɗin sosai, sai ka ba ta da yawa ka samu kaɗan. Ta biyu ta fi zafi. In ka daki fara a gefen dama, kan sandar yana ture ta hagu kaɗan tun daga tashi. Da yake gindin sanda kusan kullum a ɗan ɗage yake saboda katakon gefe, murɗin yakan lanƙwaso ta dama a hanya. A tsohon tebur, a bugu mai matsakaicin ƙarfi, waɗannan biyun sukan kusa cinye juna, har mutum ya yi shekaru bai san suna nan ba. A sabon ƙyalle lanƙwasowar tana makara, turewar kuwa tana nan yadda take. Sai ka yi saiti daidai kamar kullum, farar ta isa a kauce da kaurin ƴan takardu, ƙwallo ta daki baki. Ina da yaƙinin da yawa daga ƙwallayen da ka ce kana jefawa ido rufe, da ɗan murɗi kake jefa su, ko da saninka ko babu.

Ka tambayi mai wurin ko an canja robar ko ƙyalle kawai aka ɗaura mata. Roba tana taurara da shekaru, ta rage mayar da ƙwallo. In sabuwa aka sa, to gudun bangon ma ya ƙaru, kuma wannan zai zauna.

Sababbin ƙwallaye

Mutane suna raina wannan, alhali yana taɓa saiti kai tsaye. Ƙwallo biyu in sun haɗu a karkace, jikinsu yana gogar juna na ɗan ƙiftawa, farar ta ja ɗayar kaɗan zuwa inda ita ta nufa. A bugu mai taushi, da fara mai zamewa, jan nan yakan kai kusan inci ɗaya a kowace ƙafa ɗaya da ƙwallon za ta yi tafiya. Ƙwallaye masu dauɗa da suka kode sun fi yin haka, sababbi masu sheƙi kuwa kaɗan suke yi. Wanda ya daɗe da tsofaffi, idonsa ya koyi yanka ƙwallo siriri fiye da yadda lissafi ya ce, don ya rama jan. Ba shi sababbi, sai ya riƙa wuce gona da iri a yankan. Ka lura da kanka: in ka yi kuskure goma, wane gefen rami ƙwallon ta fi daka? In kusan duka a gefe guda suke, gefen yanka fiye da kima, ka samu amsarka.

Farar ma abin dubawa ce. Ita ta fi kowace shan duka, don haka a cikin tsofaffin ƙwallaye takan ƙanƙance ta yi sauƙi fiye da sauran, ta riƙa dawowa baya da sauƙi tana ƙin bin gaba. A sababbi kuwa nauyinsu ɗaya, tsakanin giram 156 da 170 bisa ƙa'ida, kuma masu kyau irin samfurin Aramith kusan babu bambanci tsakanin wannan da waccan. Fitilu kuwa, inuwar da ke ƙarƙashin ƙwallo ta canja wuri, ido yakan saba cikin kwana biyu ko uku.

Ramukan

A nan ne nake son ka yi awo da kanka, don akwai abin da ya tsaya mini a tambayarka. A al'ada sabon ƙyalle yana sa rami ya fi karɓar ƙwallo, saboda in ta taɓa leɓen ramin sai ta zame ciki. To in ƙyallenku sabo ne amma ƙwallo tana girgiza a baki tana fitowa, ɗayan biyu ne: ko kana duka da ƙarfin tsohon tebur, ko an matse ramukan.

Gwajin ba ya buƙatar ma'auni. Faɗin ƙwallon pul inci 2 da kwata ne, wato milimita 57 da ɗan ɗori. Biyu a jere inci 4 da rabi ke nan, kuma ƙa'idar hukumar wasan ta duniya, WPA, ita ce bakin ramin kusurwa ya kasance daga inci 4 da rabi zuwa 4.625, na tsakiya kuma ya fi shi da rabin inci. Ɗauki ƙwallo biyu ka jera su a bakin ramin kusurwa, tsakanin hancin robar nan biyu. In sun shiga cif, ramin gasa aka yi muku. In akwai sarari har yatsa ya shiga, mai yalwa ne, irin na teburan shaƙatawa da kan kai inci 5. In ba su shiga ba sam, an matse shi ƙasa da ƙa'ida, kamar yadda wasu manyan gasanni ke yi yanzu. Wannan awon na teburin pul irin na Amurka ne. In naku irin na Ingila ne, mai ƙwallaye ja da rawaya masu inci 2 da bakin rami mai zagaye, lambobin ba su shafe shi ba.

Rabin inci a bakin rami ba ƙaramin abu ba ne. Har yau in ana maganar ƙwallaye 526 da shahararren ɗan wasan Amurka Willie Mosconi ya jefa a jere a 1954, sai an kawo cewa a tebur mai ƙafa 8 ya yi, mai ramuka masu yalwa. In an matse naku, ni ban ɗauke shi ɓarna ba. Rami mai faɗi yana yafe wa mutum bugun da bai miƙe ba, ya bar shi da zaton ya iya. Matsattse yana faɗa maka gaskiya, kuma duk wanda na gani ya daure masa wata uku, bugunsa ya gyaru. Sai dai ka shirya, don in sulɓin ƙyallen ya tafi, ramin zai ƙara tsanani.

Yadda za ka gane aibi na gaske

Yanzu ga hakkin abokanka da ke zargin masu gyara. Ƙarƙashin ƙyallen allon dutse ne, wanda John Thurston ya fara sa wa tebur a Landan a 1826 don katako yana lanƙwashewa. A manyan tebura yanki uku ne, kaurin kowanne aƙalla inci ɗaya, ana jera su a daidaita, a toshe tsakaninsu da kakin zuma ko makamancinsa. Ka ce an canja daɓe, ma'ana an kwance teburan ko an ɗaga su an mayar. Abu mai nauyin ɗaruruwan kilo in ya sauka a sabon daɓe, musamman in da kafet, ƙafafunsa sukan ɗan nutse cikin makonnin farko, kuma ba lallai su nutse daidai da juna ba. Tebur yana iya zama daidai ranar da aka buɗe, bayan mako biyu ya karkata, ba tare da kowa ya yi ha'inci ba. Mai gyaran kirki yakan dawo ya sake daidaitawa.

Ga yadda nake dubawa. Nakan ajiye ƙwallo kamar faɗin tafin hannu daga dogon bango, in tura ta a hankali da sanda, da ƙarfin da zai kai ta ɗaya ƙarshen da ƙyar. Sai in sunkuya in sa ido a kan tazarar da ke tsakaninta da bangon. Karkata ba ta nuna kanta sai ƙwallo ta kusa tsayawa: a taki na ƙarshe za ka ga ta ɗan jingina gefe, kamar mai gyangyaɗi. Sai in maimaita daga ɗaya ƙarshen, sannan a ɗaya bangon, sannan a gicciye. In daga ko'ina aka turo ta gefe guda na ɗakin take karkata, teburin ne ya kwanta. In kuwa a wuri guda kawai take kaucewa, ko ka ji ɗan ƙas, ko ka ga ta ɗan yi tsalle wajen sulusin tsawon teburin, to mahaɗar dutsen ce ba ta zauna ba. Shafa wurin da yatsa, sau da yawa za ka ji tudun. Abu ɗaya: ƙyalle mai gashi da kansa yana ɗan karkatar da ƙwallo mai tafiyar hawainiya, musamman in tana tafiya gaba da kwanciyar gashin, kada ka ɗora wa dutse laifinsa.

Bangon kuma kunne ne ke gane shi. Bi shi kana buga ƙwallo a wurare daban-daban da ƙarfi iri ɗaya. Inda ka ji sautin ya canja ya zama dum, ƙwallon ta dawo a mace, ko ƙusar da ke riƙe katakon ba ta ɗauru ba, ko robar ta saki daga jikinsa. Hancin robar ya kamata ya taɓa ƙwallo a kashi 63 da rabi cikin ɗari na tsayinta, kusan milimita 36 daga ƙyalle. In ya yi ƙasa, ƙwallo za ta riƙa tsalle in ta dawo. In ya yi sama, zai danne ta ta mutu. Ƙa'idar WPA ta ce in ka daki ƙwallo a tsakiya da bugu mai ƙwari a tsawon tebur, ta yi tsawonsa aƙalla sau huɗu zuwa huɗu da rabi ba tare da ta yi tsalle ba. Sannan ɗora tafin hannu a kan ƙyallen ka tura shi gaba. Kada ya tattare, kada ya motsa. Fararen ɗigogin da za ka fara gani wajen da ake fasawa, wato bugun farko da ke watsa ƙwallaye, kuwa ba yagewa ba ce, zafin gogayyar ƙwallo ne ya bar tabo, kowane sabon ƙyalle yana yin su.

In ka samu ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka tsaya a tsakiyar jama'a kana cewa an ɓata tebur. Mutumin ya kashe abin da ya kashe, zuciyarsa tana kan wurin. Kira shi gefe lokacin da babu cunkoso, ka tura ƙwallon a gabansa sau uku ya gani da idonsa. Ban taɓa ganin mai kulob ya ƙi kiran mai gyara ba bayan an nuna masa haka.

Abin da za ka yi a teburin

Kada ka canja sanda, kada ka canja tsayuwa. Na ga masu yin haka a irin wannan lokaci, suka rushe abin da yake daidai suna neman gyara abin da bai lalace ba.

Rage ƙarfi shi ne farko, kuma fiye da yadda kake zato. Gajarta ja da bayan da kake yi wa sanda, ka sassauta riƙo, ka bar nauyinta ya yi aikin. Na biyu, ka yi mako biyu kana dukan fara a layin tsakiyarta kawai, sama ko ƙasa, ban da dama ban da hagu sai in babu makawa. Za ka yi mamakin yawan wuraren da ake kai fara da ƙarfi da tsayin duka kaɗai. A tebur mai gudu ma ƙasa kaɗan ya isa, ba sai ka kai kan sanda can gindin ƙwallo ba inda take kuɓucewa. Wajen neman matsayi kuma, zaɓi hanyar da fara za ta yi tafiya kaɗan, ko wadda za ta shigo tana bin layin bugu na gaba, don in ta zarce da taki guda ba ta fita daga saiti ba. Fasawa ma haka: kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka, a daki ƙwallon gaba a cike, ya fi duka ƙarfin da zai sa fara ta tashi sama.

Ni duk teburin da ban sani ba, minti goma sha biyar nake ba shi kafin in buga da kowa. Nakan fara da tura fara zuwa ɗaya ƙarshen ta dawo, ina neman ta tsaya kusa da bangon da nake, har sai na yi uku a jere masu kyau. Sai bugun tsayar da fara, daga ƙafa ɗaya, biyu, uku, huɗu, ina lura da inda kan sanda ke sauka a kowanne. Sai in buga ta bango ɗaya daga ɗigo zuwa ɗigo in ga nawa take ƙarawa, sannan bango uku zuwa kusurwa. Abin da na gani shi nake ɗauka, ko ya saɓa wa abin da na sani.

Ban ga teburinku ba, ban kuma ga bugunka ba, gani kuwa ya kori ji. Ni ɗan wasa ne mai koyarwa, daidaita dutse da ɗaura roba aikin masu shi ne, in gwaji ya nuna aibi su za a kira. Hutun wata guda ma yana taɓa hannu, ba zan ce abokanka na biyu ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Kana iya auna wannan daban: ɗauki ƙwallo mai zane, ka tsayar da zanen a miƙe yana kallon inda za ka buga, ka dake ta a tsakiya zuwa ɗaya ƙarshen. In zanen ya tafi a tsaye kamar taya, bugunka a miƙe yake. In yana rawa, kana ba ta murɗin da ba ka nufa ba, kuma wannan naka ne, ba na tebur ba. Na fi son wannan gwajin a kan na jiran fara ta dawo kan sanda, don bango mai sulɓi yana ɓoye ƙaramin murɗi.

Ku kuma kula da ƙyallen, don makonnin farko ne ke nuna yadda zai tsufa. A goga alli a gefe, ba a saman tebur ba, kada a kife shi a kan katako, kada a kawo hoda kusa. Mai gumin hannu ya sa safar hannu. Dukan da ake tsayar da sanda a soki fara daga sama, da cusa kan sanda ƙarƙashinta don ta yi tsalle, a bar su. Na biyun ma laifi ne a dokar wasa. In mai wurin ya ce a sa ɗan guntun ƙyalle ƙarƙashin fara wajen fasawa, ku sa.

A abin da na saba gani, a kulob mai jama'a sulɓin nan yakan fara raguwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, teburin ya zauna a halinsa bayan kamar wata guda. Wanda ba a cika hawa ba yakan fi haka daɗewa. Wato teburin da ka buga a makon buɗewa ba shi za ka tarar a mako na huɗu ba: bango zai fara karɓar murɗi, kusurwa za ta ɗan tsuke, dawo da fara daga nesa zai nemi ƙarin duka. Ranar da aka yi ruwa, ko aka kashe na'urar sanyaya ɗaki wurin ya cika da mutane, ulu zai sha laima teburin ya yi nauyi a cikin dare guda. Saboda haka kada ka haddace awon makon nan ka riƙe. Maimaita minti goma sha biyar ɗin nan duk zuwa, aƙalla har wata ya cika, kuma ka riƙa canja tebur in akwai fiye da ɗaya, don ko rana ɗaya aka ɗaura musu ƙyalle, wanda ke kusa da ƙofa da wanda ke can ciki ba za su tsufa tare ba.